Ƙayar Aduwa a Ƙafar Hajo

Duk macen da ke da ɗan fari ta matso ta ji wannan, ta kuma gaya wa wadda ba ta zo ba. Ba tausayi nake nema ba. Tausayin mutanen ƙasar nan na auna shi, bai cika ludayi ba. Ina ba da labarin ne don kada wata ta yi abin da ƙanwata Hajo ta yi, in kuwa ta riga ta yi, kada ta zauna tana kashe kanta da kanta kamar yadda Hajo ta so yi a ɗakina.

Ni ce Kulu, yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, a Kona aka haife mu, kuma nan na dawo da zama tun da mijina ya rasu. Abin ya faru shekarar da ciwo ya share shanu, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba. Hajo tana aure a ƙauyen Gidan Amumune, a gidan wani manomi Nomau, mutumin da ba shi da mugunta kuma ba shi da amfani. 'Yarta ta fari sunanta Rabi. Da aka yaye ta aka kawo mini ita kamar yadda ake yi. Ni na goya ta, ni na yi mata kitso, ni na kai ta ɗakin miji a Issawane.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma Hajo ta riƙe ta kamar ita kaɗai aka bar wa gado. Tun da ta haifi yarinyar nan bakinta bai taɓa kama sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "ta gidanku". In ta zo Kona ganin gida, Rabi ta durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta hau tambayata lafiyar awaki. Mata suna ta yabonta a kan haka. Ni kuwa na san abin da ke ciki, don na sha kama ta tana leƙen yarinyar ta ramin zana, kuma ba ta taɓa komawa ba tare da ta damƙa mini ƙullin goriba ko dabino ba, tana cewa in ba mutanen gida. Mutanen gidan nawa kuwa mutum ɗaya ce.

Rabi ta samu ciki. Shirinmu shi ne bayan girbi in je in ɗauko ta ta haihu a Kona, sai haihuwar ta riga mu. Ta sauka aka sami mace, amma jini ya ƙi tsayawa. Gidan Amumune ya fi Kona kusa da su, kuma ba ni Rabi take kira ba. Wannan ya daɗe yana ci na, ba zan ɓoye ba. Cewa take a kira mata wadda ta haife ta.

Kawun mijin Rabi ya hau raƙumi ya kawo saƙon. Ya tarar gidan Nomau cike da mata ana dakan bikin suna na wani ɗan'uwansu, Hajo tana kan turmi. Wawan, maimakon ya sa a kira masa ita gefe, sai ya tsaya a bakin darni ya faɗi maganar da ƙarfi kamar mai shela a kasuwa. Taɓare suka tsaya, ido ya dawo kan Hajo.

"Ku tahi Kona ku hwaɗa ma masu ɗiya," in ji Hajo, ta ci gaba da dakanta.

Gwamma, yayar Nomau, wadda ita ce bakin gidan, ta ce a zo a ga 'yar halak, irin wannan kunya sai mutan da. Mata suka yi ta sa mata albarka. Hajo ta yi daka har yamma, ta tuƙa tuwo ta raba, tana saƙawa a ranta in taro ya watse za ta sulale ba wanda ya gani. Gari na wayewa ta fita ba takalmi, ta bar turba ta yanki daji don ta rage tafiya. A nan ta taka ƙayar aduwa, ta karye a cikin tafin ƙafarta, ba ta tsaya ba. Ta shiga Issawane ta gamu da maza suna dawowa daga binnewa, suna karkaɗe ƙasa daga hannuwansu.

Ni sai washegari na iso. Na same ta zaune a bayan ɗaki ido bushe, don ko kukan ɗan fari ba a yi a gaban mutane. Surukar Rabi, tsohuwa mai baki kamar ƙofar rumbu, ta zauna tana ba mu labarin yadda yarinyar ta cika, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce duk sanda asabari ya motsa sai Rabi ta ɗaga kai ta duba ko uwarta ce. Hajo tana ji. Da muka tashi na ga tana ɗingishi, na tambaye ta, ta ce tuntuɓe ne. Jaririyar kuwa aka bar ta wajen dangin ubanta, aka mai da mata sunan uwarta.

Kasuwa ta zagayo sau biyu kafin Nomau ya kawo mini ita a kan jaki, da ɗan taikin gero wanda ko kaza ba za ta gode masa ba. Ya tsaya a zaure ya ce jinya sai dangi. Shekaru nawa tana tuƙa masa tuwo bai tuna tana da dangi ba sai da ƙafa ta fara wari. Ya sha fura, ya hau jakinsa ya koma.

Na buɗe tsumman da ta ɗaure ƙafar da shi. Tafin ya kumbura yana sheƙi, zafi kamar gefen murhu, kumburin ya haye idon sawu, ga kaluluwa ta fito mata a cinya. A tsakiya akwai baƙin ɗigo yana tsattsafo da mugunya. Ko yaro ya san ƙaya ce, kuma ƙayar aduwa ba ta zama lafiya a jikin mutum. Na ɗauko allura da hantsaki, sai ta janye ƙafar ta zauna a kanta.

"Bar ta, Yaya. Hanyar Issawane ta ba ni ita. Da na tahi sa'ad da anka kira ni, turba zan bi da rana, ba zan taka ta ba. Tawa ce."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi zagi. Na kira wanzami, ta juya wa bango fuska ta rantse in an taɓa ta sai ta faɗa rijiya, kuma na san ta, ba ta rantsuwar banza. Abinci sai ta lasa ta ture. Masassara tana zuwa mata da hantsi ta sake ta da yamma. Wanka ta daina, kitso ya tsefe kansa. Ashe ta yanke wa kanta hukunci tun a bayan ɗakin nan na Issawane, ƙayar kuma ita ta sa ta zartar.

Sai masu shawara suka fara zuwa, don ciwon wani gonar kowa ce. Wata ta ce a shafa ɗanyen kashin shanu, a shekarar da ko saniya ɗaya ba ta rage a garin ba. Wata ta ce kitsen damo. Kawunmu ya ce a danne ta a yi mata sakiya da ƙarfe, na ce ya zo ya danne ta da kansa, daga ranar bai sake leƙowa ba. Wata gwaggonmu ta dage sai an kai ta wajen wani boka a Tasawa wanda aka ce yana sa gurgu rawa. Hajo ba ta ƙi ba, don ta san ba ƙayar zai taɓa ba.

Mun same shi da jama'a jingim a ƙarƙashin gawo, masu kurkunu, masu ciwon ido, masu neman haihuwa, kowa da abin da ya riƙo. Mun zauna tun hantsi har inuwa ta juya, ƙuda suna bin mu, na kusa da mu suna matsawa. Da aka zo kanmu ya zana ƙasa da yatsa, ya lumshe ido, ya ce ta taka abin da aka binne mata. Ƙafar tana gabansa, bai ko ce a kwance tsumman ba. Ya nemi baƙar akuya, ya ba mu ƙullin gari mai kama da toka, yana kuma ɗanɗanon toka. A cikinmu duka akuyar kaɗai ta huta da wahalar duniya.

Bayan wannan wata 'yar bori da gwaggon ta jawo ta zo ta yi ta gurnani a tsakar gida, ta ce kurwar Rabi ce ta riƙe ƙafar, ba za ta saki ba sai ta tafi da uwarta. Tun da aka fara jinyar nan maganar da Hajo ta gyaɗa wa kai ke nan. Na kori matar da muciya, amma ɓarnar ta riga ta yi.

Limamin unguwarmu kam ba zan ci amanarsa ba. Ya aiko da rubutu, bai karɓi komai ba sai goro. Ya tsaya a bayan zana ya ce rahamar Allah ta fi kowane laifi girma, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ya ƙara da abin da kowa yake ƙarawa, cewa ƙaddara ce, ba laifinta ba ne, ko ta je kwana ya ƙare. Ni ma haka nake ta gaya mata safe da yamma. Hajo ta sha rubutun don girmansa, ta ce mini Malam bai san abin da ta yi ba. Tana sane da abin da ta yi, don haka duk wanda ya ce ba ta yi komai ba ta sa shi cikin maƙaryata, ni ce kuwa ta gaba.

Wata bai cika ba ƙafar ta fashe ta sama, yatsu biyu suka fara baƙi. Warin ya kai sai da na mai da ita ɗakin da ke kusa da turken awaki. Masu gaisuwa suna tsayawa a bakin ƙofa, gefen zane a hanci, su ce sannu su juya. A cikinsu har da Gwamma, wadda ta zo daga Gidan Amumune da ƙwaryar fura tsamamma. Ta tsaya nesa da ƙofar tana gaya wa matan unguwa, da muryar da ta san za ta shiga ɗaki, cewa su dai ba su taɓa ganin uwa mai taurin zuciya haka ba, a ce ɗiyarki na kira kina daka. Bakin da ya ce 'yar halak, shi ne wannan, ko goro ba ta canja ba. Na zubar wa awaki furar a gabanta, su ma suka shinshina suka bari.

A bayan darninmu akwai wata tsohuwa da ake ce wa Ta-Kwara. 'Yar ƙasar nan ce, an kama ta a wani hari tana matashiya aka kora su kudu, aka yi ta sayar da ita har ta kai inda manyan koguna biyu suka haɗu. Can ta sami 'yanci a hannun wasu masu bin Annabi Isa, wanda su suke ce wa Almasihu, ta shiga addininsu. Da tsufa ya zo ta biyo fatake ta dawo neman danginta, ta tarar ko kufai babu. Tana saƙa faifai tana sayarwa. Ba ta salla, ba ta bori, Hausarta ta karkace, tana rera wasu waƙoƙi ita kaɗai. Ba mai cin abinci da ita, ni ma ko ludayi ba na ara mata.

Wari ne ya kira ta. Ta shigo wata safiya ba ta tambayi kowa ba, ta wuce ni ta shiga ɗakin, hancinta a buɗe, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar ta hau korar ƙuda da faifai. Ba ta kawo magani ba, ba ta ba da shawara ba. Gobe ta dawo, jibi ta dawo. Na ce a raina duk wanda ya zo ya ci wani abu, bari mu ga me wannan za ta ci. Na bar ta ne don hannuna ya gaji da fifita.

Ran nan ina dama kunu a bakin ƙofa na ji Hajo, fuskarta a bango, tana ce mata kada ta wahalar da kanta, in ma ta zo ta ce ƙaddara ce an riga an faɗa. Tsohuwar ta tambaye ta ko yarinyar ta kira ta. Hajo ta ce ta kira. Ta tambaye ta ko ta ji. Ta ce ta ji.

"To kin yi laihi, ɗiyata," in ji Ta-Kwara. "Babba kuwa."

Na ajiye ƙwarya na ɗauki muciyar da na kori 'yar bori da ita. Amma kafin in shiga sai na ga Hajo ta juyo. Tun da na kwantar da ita a ɗakin nan ba ta dubi fuskar mutum ba sai ranar.

Tsohuwar ta ci gaba da fifita kamar ba ta ga muciyar ba. Ta ce ita ma da goyo aka kama ta. A hanyar kudu yaron ya yi nauyi, ƙafarta ta kumbura, masu bulala suna baya, wadda ta faɗi kuma a nan ake barin ta. Ta kwance shi ta ajiye a gindin wata bishiya, yana da rai, yana miƙa mata hannu, ta bi ayari. Ba wanda ya ƙwace shi, ita ta ajiye. Ta nuna mana damtsenta duk tabon ƙuna, ta ce ba iyayen gijinta suka yi mata ba, ita ce take ɗora wa kanta garwashi shekara da shekaru, kuma ko sau ɗaya yaron bai dawo ba.

"Ke kuma da ƙahwa kike son ki biya. In an yanke ta an kai Issawane an aza bisa kabarin, Rabi za ta tashi?"

Ta-Kwara ta ce abin da ya raba ta da garwashi shi ne ranar da aka gaya mata Almasihu bai zo don masu hannu tsarkakakke ba. Ya ɗauki laifin irinsu ya ɗora wa kansa, aka kitsa ƙaya aka danna masa a ka, aka kashe shi, ya tashi, kuma abin da ya ɗauka ba ya mai da wa mutum. Na ce mata mu ba haka aka gaya mana ba. Ta ce ba da ni take ba.

Sai ta ba ta labarin wani mabiyinsa, mutumin da suke cin tuwo a akushi ɗaya. Ranar da aka kama Almasihu, mutumin yana jin ɗumi a cikin jama'a aka ce ai kai ma nasa ne, ido ya dawo kansa, ya ce bai ma san shi ba. Bayan Almasihu ya tashi ya nemo mutumin nan, ya ba shi abinci, ya danƙa masa kiwon 'yan tumakinsa. Hajo ta tambaya ko bai yi masa gori ba. Ta ce tambayarsa kawai ya yi ko yana ƙaunarsa.

"Ni ban cancanta ba, Iya."

"Ba ki cancanta ba. Lada ta mai aiki ce. Wanga alheri na, wanda bai cancanta ba shi aka ba."

Sai Hajo ta tambayi abin da ya fi cin ta, ko yarinyar za ta yafe mata. Na zaci tsohuwar za ta yi mata daɗin baki kamar kowa. Sai ta ce wannan ba ta sani ba, ba kuwa za ta yi mata ƙarya ba, Rabi tana hannun Allah inda ƙafar uwarta ba za ta ƙara mata komai ba. Abin da ta sani shi ne akwai jaririya a Issawane tana shan nonon akuya.

Kada wani ya ce ranar ta warke. Ba ta miƙa ƙafar ba, har masassarar ta ƙara tsanani, ni kuwa na ɗora wa Ta-Kwara laifi na zage ta tas, ta dawo washegari da faifanta kamar yabonta na yi. Abin da ya canja shi ne Hajo ta fara magana. Kullum sai ta sa tsohuwar ta sake ba ta labarin mutumin nan mai jin ɗumi, tana tsayar da ita a wuri ɗaya, tana tambaya ko da gaske mutane suna kallonsa, ko da gaske shi da bakinsa ya faɗa. Har na haddace labarin ban so ba.

Wata safiyar kasuwa ina shara na ji su. Hajo ce take magana da Almasihun nan kamar yana zaune a kan tabarma. Ba ta ce ƙaddara ba, ba ta ce Gwamma ba. Ta ce an kira ta, ta ji, ta ji tsoron idon mata fiye da mutuwar ɗiyarta, ta yi daka. Ta ce in da gaske yana ɗaukar irin wannan, ga shi nan, ita ta kasa. Daga nan kukan da ta riƙe tun Issawane ya zo, awaki har suka firgita. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina nawa kukan. Da ta lafa sai ta kira ni.

"Yaya, kira wanzami."

Ban tsaya ɗaura kallabi ba. Ya zo da zabirarsa, ya duba ƙafar ya yi tsaki, ya ce yatsu biyun sun riga sun mutu sai dai a raba su da masu rai. Ni na danne cinya, Ta-Kwara ta rungume kanta tana rera waƙarta a hankali, Hajo ta ciji gefen zane. Abin da ya fito daga ƙafar nan ba zan faɗa ba, wani yana iya cin abinci. A ƙarshe ya zaro ƙayar, baƙa ƙirin, ba ta fi gaɓar yatsa ba, ya ɗora a tafin hannunsa ya nuna mata. Maganarsa har yau tana kunnena: "Ƙaya ba ta kisa, ajiyarta ka kisa." Na zaci Hajo za ta ce a ba ta ta ƙulle a zane. Ta dube ta, ta ce in jefa a murhu.

Sauran jinyar ba wani asiri a ciki. Ruwan bagaruwa ne mai ɗumi safe da yamma, da zuma, da tsumma mai tsabta, abin da kowace tsohuwa a Kona ta sani kuma tun ranar farko yana ɗakina. Kasuwar farko masassara ta sauka. Ta biyun wari ya ragu, ta nemi kunu da bakinta, ta sha ta nemi ƙari. Naman ya riƙa cikowa ja daga gefe a hankali, yana yi mata ƙaiƙayi tana zagina in na hana ta sosawa, zagin nan kuwa ya fi mini kiɗa daɗi. Sai da sanyi ya wuce zafi ya shigo sannan ta taka da sanda. Jinyar ta cinye mini akuya, da zannuwana biyu na ado, da rabin rumbu. Nomau ya aiko da gaisuwa.

Godiyata tana wajen Allah, sannan wanzami, sannan Liman da bai ci mu ba. Ta tsohuwar nan kuwa ban san yadda zan yi ta ba, don har ta mutu ban iya ce mata na gode da baki ba, sai dai tuwo da na riƙa miƙa mata ta kan darni, kuma na bar ta ta ci a akushina. Ni ban bi hanyarsu ba, sallata nake yi har gobe. Hajo ta bi. Mutane sun yi ta magana, wasu sun daina cin abincinta, ta ce wadda ta daka gero ɗiyarta tana mutuwa don kada a yi da ita, ta gama jin tsoron a yi da ita. Ranar da Ta-Kwara ta cika ba wanda ya yarda ya taɓa gawar, mu biyu muka wanke ta. Amma wannan daga baya ne.

Kafin damina Hajo ta ce in raka ta Issawane ta ɗauko jikarta. Dangin uban ba su ja ba, don yarinyar ta rame kamar tsinke, kuma uban ya riga ya fara neman wani auren. Hajo ta goya ta da kanta, muka nufi Gidan Amumune, wannan karon ta turba, tana dogara sanda ina riƙe da kaya.

Mun shiga gidan Nomau da la'asar, mata suna kan turmi, turmin nan dai. Gwamma ta taso da fara'ar da ba ta wuce haƙori ba, ta dubi ƙafar, ta dubi sandar, ta ce an ce har addini aka canja a Kona, Allah dai ya kyauta. Sannan ta leƙa goyon ta ce to, tun da sunan waccan aka mai da mata, sai a nemo wa yarinya laƙabi don kakarta ta samu abin kira, ko Auta ko Kyauta. Mata suka fara kawo nasu.

Hajo ta jingine sandar a jikin rumbu, ta kwance goyon ta juyo da yarinyar gabansu.

"Tana da suna. Rabi. Ɗiyar Rabi ce, ɗiyata ta hwari, wadda ta kira ni ina bisa turmin ga ban tahi ba."

Taɓare suka tsaya kamar wancan karon. Wata ta kama baki, Gwamma ta ja da baya, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta. Yarinyar ta tsorata da fuskokin ta fara kuka. Hajo ta ɗora ta a kafaɗa ta ɗingisa zuwa ɗakinta tana jijjiga ta, muna jin ta har ta shige, tana cewa, "Yi shiru, Rabi. Na ji. Ga ni."